Kifin da Muke Kira Gwaggo

Tun da kun matsa, ku zauna ku ji. Duk Jumma'a sai kun tare ni a ƙofar masallaci a nan unguwar Handsworth ta Birmingham, wai in kai ku kamun kifi tun da rana ta fara leƙowa. Ɗayanku har cewa ya yi ya sayi sandar kamun kifi ta intanet, ya kalli yadda ake yi a waya, saura wurin zuwa kawai. Wani kuma ya ce so yake ya je ya huce gajiyar ofis. To ba zan kai ku ba. Ba ni ma da ruwan da zan kai ku. Na taɓa riƙe makullin wani tafki a arewacin Manchester shekara da shekaru, kuma makullin nan shi ne abu ɗaya da nake taƙama da shi a ƙasar nan. Masu irin bakinku ne suka raba ni da shi. Zan faɗa muku yadda aka yi don in huta da tambaya.

Sunana Isuhu, a Yauri aka haife ni, gidanmu gidan sarkawa ne, sana'ar su muka gada kaka da kakanni. Aikin farko da babana ya ba ni ɗinkin koma ne. Ina zaune a tudu ina ƙulla inda ta yage, ina kallon sa'o'ina suna shiga ruwa, har sai da ya ga ƙullina ya daina kwancewa sannan ya yarda na taka kwale-kwalensa. Daga nan aka ba ni filafili, daga nan aka koya mini sa tana a ƙugiyoyin mamari ba tare da na soke yatsana ba. Amma abin da na fi shan duka a kansa shi ne sanin lokacin da ba a taɓa ruwa. Idan kogi ya fara cikowa, kifi ya shiga ciyawa zai zuba ƙwai, sarkin ruwa yakan rufe fadamu. Da idona na ga an ƙona wa wani mutum komarsa a bakin gaɓa, yana tsaye, iyalinsa na kallo, saboda an same shi da tarwaɗa mai ciki. Babu wanda ya ba shi haƙuri. In kuma lokaci ya yi aka buɗe ruwa, kan babban kifin farko gidan sarkin ruwa ake kai shi, don shi ya tsare ruwan har kifin ya girma. Ku riƙe waɗannan biyun, zan dawo kansu.

Na zo ƙasar nan kamar yadda da yawa suka zo, da niyyar in ɗan taɓa aiki in koma. Na fara da kasuwar kifi ta Birmingham, ina cire ƙaya da hanji, hannuna cikin ƙanƙara tun kafin gari ya waye. Daga can wani mai kawo mana kaya ya haɗa ni da wani tsoho mai jirgi a gaɓar Wales, wanda yake fita da mutane teku su yi fatsa su biya shi. Tsohon nan ba ya magana sai dole. Wata safiya a watan Maris rana ta fito tas, na zo da 'yar riga mara nauyi ina murna sanyi ya wuce.  Ya jefa bokiti a teku ya ɗebo ruwa, ya kama wuyan hannuna ya tsoma a ciki ya riƙe. Kafin ya sake ni na daina jin yatsuna. Sannan ya ce in je in sa kayan kirki, mu ba rana muka zo kamawa ba.

Abin da ku masu kallon waya ba ku sani ba ke nan. Wannan lokacin da ake ce wa bazara a nan, sama ce kawai take canjawa, ruwa yana nan a baya. Teku tana da jinkirin ɗaukar zafi, duk sanyin da ta sha tun Disamba a Maris yake taruwa. Manyan kifin hunturu sun ja can ciki za su yi ƙwai, na lokacin zafi kuma ba su iso ba. Sai ka fita tun safe ka dawo da 'yan ƙanana da ko mage sai ta yi tunani kafin ta ci. Ga haƙar tana, in ruwa ya janye ka bi taɓo da abin haƙa, kana duƙe, iska na shiga ta ƙeyarka, ruwa kuma ba ya jiran ka gama in zai dawo. Ga masu zuwa daga birane da fararen takalma, sun ga hasken rana ta tagar ofis sun ɗauko hutu. Kafin mu yi nisa sun fara amai a gefen jirgi, in an dawo ba kifi su ce mai jirgi bai san aikinsa ba. Ni nake wanke inda suka ɓata.

Da tsohon ya sayar da jirginsa, sai ya tura ni wurin wani abokinsa, Alan, manomi ne da ya daina noma ya koma kiwon kifi. Tafki biyu gare shi a gonarsa. Ƙarami, ana zuba kifin da Turawa ke ce wa tirawut, wanda in ka kama za ka iya tafiya da shi gida ka ci. Babba kuma na wani kifi ne mai suna kaf, mai faɗin jiki da manyan ɓawo, yana ɗan kama da bargi. Shi ba a cin sa. Ranar da na fara aiki na ga wani ƙato ya yi yini yana jira, ya kamo kifin da zai ciyar da gida guda, ya kwantar da shi a kan katifa, ya shafa masa magani a leɓe, ya rungume shi aka ɗauki hoto, sannan ya mayar da shi ruwa a hankali kamar mai kwantar da jariri. Na ce a raina yau na zo garin mahaukata. Na yi wata da watanni ina yi musu dariya a ɓoye.

Sai a hankali na gane kifin nan yakan yi shekarun da mutum zai haifi ɗa ya aurar da shi, kuma mutanen nan sun san kowanne da kamanninsa. Ba hanyarmu ba ce, har yau ban ce ta fi tamu ba. Amma ruwan nasu ne, dokar tasu ce, kuma ɗan sarkawa ya san abin da ake nufi da dokar ruwa. Alan ya lura ba na barin ƙugiya a ciyawa, ba na yarda kowa ya ɗaga kifi da busasshen hannu. Wata rana ya ciro makullin ƙofar gona ya ba ni, ya ce gwiwoyinsa sun gaji, daga yau ni ke buɗewa ni ke rufewa. Kullum daga unguwar Hulme a Manchester nake hawa bas biyu in je, ban taɓa jin nisan ba.

A cikin babban tafkin akwai wata tsohuwa da ta fi kowa girma. Turawa suna da sunan da suke kiranta, ni Gwaggo nake ce mata, don tafiyarta irin ta gwaggon da ta san ba mai yi mata faɗa ce. Saboda ita mutane suke tuƙo mota daga nesa su kafa tanti. Wani zai yi shekaru yana zuwa bai taɓa kama ta ba, kuma bai fasa zuwa ba. Ita ce tafkin, in an faɗi gaskiya.

Mummunar shekararmu ita ce wadda dusar ƙanƙara ta dawo a ƙarshen sanyi, bayan kowa ya ajiye manyan riguna. Iskar gabas ta taso, tafki ya daskare. Kullum sai na shiga da guduma da dogon takalmin roba in fasa ƙanƙara don iska ta shiga, kafin in kai ƙarshe farkon ya sake haɗewa. Da ta narke, kifi suka fara tasowa ciki sama. Ni da Alan muka yi ta kwasa a baro muna binnewa a bayan rumbu. Ana cikin haka karen ruwa ya shigo, don shi ma yunwa ta koro shi. Na tarar da Gwaggo a cikin ciyawa, ya yage mata murfin kunne na hagu. Na sa ta a babban baho a rumbu, ina canja mata ruwa, ina shafa mata magani, har ta fara cin abinci. Ta warke, amma wurin ya bar gibi, kamar kunnen akuyar da aka yi wa shaida. Da hannuna na mayar da ita ruwa.

Aikin Maris a tafki aikin haƙuri ne, kuma a nan nake faɗa da mutane. Da safe abin da nake fara yi shi ne in tsoma hannu a ruwa, sannan in duba inda iska take fitowa. In daga gabas ce, ka koma gida, kifi ba zai buɗe baki ba. Cikinsa bai farka ba tukuna, ɗan abin da zai ci bai kai cikin tafi ba. Sai ka ga mutum ya zo da bokiti cike da abinci ya juye a ruwa, wai yana kiran kifi. Abincin ya kwanta a ƙasa ya ruɓe, ya ɓata ruwan, ni kuma in kwashe. Sannan akwai abu ɗaya da yake faruwa a wannan watan kaɗai. In rana ta yi ƙarfi bayan azahar, bakin gaɓa inda ruwa bai wuce gwiwa ba yakan ɗan ɗumama. Sai manyan kifin su taso daga ƙasa su zo su kwanta a nan, bayansu a waje, ba sa ko motsi. Matan cikinsu cike da ƙwan da za su zuba in zafi ya shigo. A wannan halin ko yaro zai iya ɗaukar su. Saboda haka ne muke rufe babban tafki gaba ɗaya a watan, sai ƙaramin kawai ake shiga.

Shekarar da abin ya faru, azumi ya faɗo a Maris. Akwai wani likita ɗan Kano da muke salla tare a Manchester, Dokta Sani, mutumin kirki, matarsa Hajiya Bilki ba ta taɓa barin in sha ruwa ni kaɗai ba. Ɗansu Faruku injiniya ne, a nan aka haife shi, ya kusa talatin, ba yaro ba ne. Yana son labarin Yauri, in na je gidansu sai ya zauna kusa da ni ya yi ta tambaya. Na ba shi labarin rufe fadama, na ba shi na ƙona koma, na ba shi na kan kifin sarkin ruwa. Na sha kai shi ƙaramin tafki, Alan ya san shi.

Wata Asabar ina da ganin likita saboda ƙafata, sai Faruku ya ce shi da abokinsa suna so su kamo kifin buɗa-baki. Na kira Alan na tambaye shi. Ya ce shi ma ba ya gida ranar, amma in na yarda da su, shi ma ya yarda. Na ba Faruku makulli, na ce masa ƙaramin tafki kawai, babban a rufe yake, ko kusa kada su je. Na kuma gaya masa iskar gabas ake yi, da wuya su samu komai, in ba su samu ba su dawo hakanan, ba abin kunya ba ne.

"No problem, Baba," in ji shi. "Na gane."

Da magariba na isa gidansu, ya miƙo mini makullina tun a bakin ƙofa, yana ta murmushi. Muka sha ruwa da dabino, muka yi salla, aka kawo kunu da ƙosai. Sannan Hajiya ta aiko da farfesun kifi. Ta iya girki, ba zan yi mata ƙarya ba. Yaji da daddawa da citta sun rufe komai, naman kuma manyan yanka ne, sai na ɗauka sun dawo hannu wofi ta aika shagon 'yan Afirka an sayo ragon ruwa. Ban so in kunyata Faruku da tambaya ba. Ga yunwar azumi. Na ci, na yaba, aka ƙara mini na cinye.

Ina goge hannu sai ga Faruku ya fito daga kicin da kwano a rufe, riƙe da hannu biyu. Ya zo gabana ya durƙusa har ƙasa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ko ubansa ba.

"Baba, wannan naka ne. Ka ce a gida kan babban kifi na sarkin ruwa ne. Kai ne sarkin ruwanmu."

Dokta yana dariyar jin daɗi, Hajiya ta leƙo daga ƙofa tana kallon ɗanta. Na buɗe kwanon. Kan kifi ne ya cika shi, an dafa shi ɗungurungum, a gefe an jera soyayyen ƙwan kifi. Na juya shi da cokali zuwa ɓangaren hagu. Gibin yana nan inda na bar shi.

 Na ɗago na ce, "A ina ka samo wannan?"

"Baba, small pond ɗin nan babu komai, wallahi we tried, tun safe muke. Muna hanyar fita sai muka gan shi a bakin ruwa, just lying there, ko motsi ba ya yi. Mun ɗauka ya kusa mutuwa ne. Ko sanda ba mu sa ba, net kawai."

"Na ce maka babban tafki a rufe yake ko ban ce ba?"

"Ka ce. Amma ai ba fishing muka yi ba, ɗauka kawai muka yi. Kuma Baba, su fa hoto kawai suke yi da shi. Mu a culture ɗinmu kifi ci ake yi."

Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai har yau. Mutumin da bai taɓa ɗinke koma ba, bai taɓa kwana da yunwa don an rufe fadama ba, shi ne zai gaya mini al'adarmu. Labari biyu na ba shi a zama ɗaya. Ya ɗauki na ci ya riƙe, ya bar na hani a inda ya ji shi. Na ce masa a garinmu wanda ya kama mai ciki a rufaffen ruwa, ba kan kifi yake kai wa sarkin ruwa ba, komarsa yake kaiwa a ƙona. Na ce masa kifin nan ta girme shi. Na faɗi wasu maganganun da ba a faɗa a gidan mutum da azumi, kuma ban janye ko ɗaya ba.

Dokta ya tashi yana cewa, "Malam Isuhu, don Allah zauna, za mu gyara, ko mene ne za a saya a mayar." Na tambaye shi a wane shago ake sayar da shekara talatin. Hajiya ta koma kicin ba ta sake fitowa ba. Faruku yana nan durƙushe, fuskarsa kamar ta wanda ya kawo kyauta aka mare shi, kuma na san har zuciyarsa girmama ni ya yi niyya. Wannan bai rage mini komai ba. Na rufe kwanon na ɗauka na fita da shi.

Washegari na hau bas ɗina biyu da kwanon a cinya. Iskar ta kwanta, rana ta fito, irin ranar da ku kuke cewa ta kamun kifi ce. Na bi ta bakin babban tafki, na ga wurin da suka tsaya, sawun takalmansu a taɓo, da ɓawo manya-manya a warwatse cikin ciyawa. Sauran kifin suna kwance a ɗumin bakin gaɓa kamar ba abin da ya faru.

Alan yana rumbu yana gyaran famfo. Na ajiye kwanon a kan teburinsa na buɗe, na faɗa masa komai yadda ya faru, ban ƙara ba ban rage ba. Bai ɗaga murya ba. Da ya yi zagi ma da na fi samun sauƙi. Ya sa yatsa ya taɓa gibin nan, shi ne ya riƙe mini ita ranar da na fara shafa mata magani.  Sannan ya tambaye ni ko an cinye sauran, ko zubarwa aka yi.

Na ce an cinye.

Ya ce, "Kai ma ka ci?"

Na ce na ci.

Ya gyaɗa kai. Sai ya buɗe tafin hannunsa ya miƙo, ni kuma na sa masa makullin a ciki.

Ban sake taka gonar ba. Na bar Manchester na dawo nan wurin 'yata, na koma sana'ar da na fara da ita, a shagon da kuke ganina. Don haka kai mai sabuwar sanda, mayar musu da abarsu tun ba ta yi datti ba. In kifi kuke so ku zo shago in auna muku. A kwali yake zuwa, a daskare, an riga an cire masa kai, kuma ni yanzu na fi son sa a haka.